Makaɗi Ya Sauya Kiɗa, Mai Rawa Ya Ƙi Sauya Rawa

Ran Asabar 31 ga watan Mayu, 2025, bayan sallar Magariba, wani magidanci mai gyaran lantarki ya shiga gidan kallon ƙwallo a Kaduna tare da ɗan ƙanwarsa, don su ga wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai da a ke yi a birnin Munich na Jamus. Kafin a take ƙwallo sai aka nuno waɗansu makaɗa a filin, wata mace tana rera waƙa da ƙarfi. Yaron ya dube shi ya ce, "Kawu, ashe ba mutanenka ne waɗannan ba?" Mutumin ya buɗe baki zai ce wani abu, sa'an nan ya rufe, ya yi shiru. Wannan shiru kuwa yana da tarihi, kuma tarihin ya cancanci mai karatu ya ji shi.

Makaɗan nan su ne Linkin Park, ƙungiyar masu kiɗan rok da aka kafa a Jihar Kalifoniya ta Amurka cikin 1996. Chester Bennington ya shiga cikinsu a 1999, ya zama babban mawaƙinsu. Cikin watan Oktoba na 2000 suka fitar da faifansu na farko, Hybrid Theory, wanda ya fi kowane faifai kasuwa a Amurka cikin 2001, daga baya cinikinsa ya zarce miliyan 10 a can kaɗai. Salonsu na lokacin gauraye ne: jita mai amo kamar aradu, Mike Shinoda yana zuba gambarar zamani, Chester kuwa in ya rera a hankali sai ya ɓarke da kururuwa irin ta wanda abu ya ci wa rai. A 2003 suka ƙara da Meteora a kan wannan turba, a 2004 kuma suka haɗa gwiwa da Jay-Z, abin da ya kai sunansu kunnen samarin da ba ruwansu da rok.

A waɗannan shekaru ne mutumin nan ya san su, yana ɗan sakandare. Lokacin masaƙun Kaduna sun soma rufewa ɗaya bayan ɗaya, mahaifinsa na cikin waɗanda suka rasa aiki, gida ya yi tsit, ba mai iya faɗin abin da ke zuciyarsa. Wani abokinsa ya ara masa faifai, ya sa a kunne, ya ji wani baƙo a wata duniya yana yi masa kururuwar da shi ba ya da halin yi. Bai fahimci rabin Turancin ba, amma ya fahimci zafin. Mahaifinsa kuwa, wanda ba ya sauraron kowa sai Alhaji Mamman Shata, ya kan ce tun da Shata ya rasu a 1999 aka rufe littafin waƙa, duk abin da ya biyo baya hayaniya ce. Yaron ya kan yi dariya a ɓoye, yana ganin tsoho ya kasa tafiya da zamani.

To, makaɗan ba su tsaya inda ya same su ba. A 2007 suka fitar da Minutes to Midnight tare da Rick Rubin, suka rage gambara da kururuwa. A 2010 suka zo da A Thousand Suns, mai cike da kiɗan na'ura, wanda ya raba masoyansu gida biyu. A 2014 suka koma ga amo mai nauyi, tsofaffin masoya suka ce madalla, ɓatacce ya dawo gida. Ba a jima ba, ran 19 ga watan Mayu, 2017, sai ga One More Light, faifai mai laushi, jita ta koma baya, kururuwa ta ɓace, ya zama irin sassauƙan kiɗan da gidajen rediyo ke so. Ya hau matsayi na ɗaya a jerin cinikin faifai na Amurka, amma tsofaffin masoya da yawa suka ce an ci amanarsu, an sayar da kai saboda kuɗi. Chester ya mayar da martani da kakkausan harshe a hirarsa da 'yan jarida, daga baya ya sassauto. Cikin watan Yuni, a bikin kiɗa na Hellfest a Faransa, aka yi musu ihu sa'ad da su ke rera waƙar Heavy, har wani ya wurgo masa mazubin abin sha.

Mutumin nan na Kaduna ba ya Faransa, amma shi ma ya yi tasa jifar. Ya saurari faifan sau ɗaya, bai ko kai ƙarshe ba, ya ɗauki waya ya rubuta a Facebook cewa Linkin Park ta mutu, saura jana'iza. Ya ji daɗin maganar, abokai suka yaba masa iya zagi.

Ran 20 ga watan Yuli, 2017, aka sami Chester Bennington ya rasu a gidansa a Kalifoniya, yana da shekara 41, ya bar 'ya'ya shida. Hukuma ta tabbatar shi ya kashe kansa. Ranar ta yi daidai da ranar haihuwar amininsa, mawaƙi Chris Cornell, wanda ya rasu ta irin wannan hanya wata biyu kafin nan. Ba daidai ba ne a ce zagin masoya ya kashe shi, domin tun da daɗewa shi da bakinsa ya sha bayyana cin zarafin da aka yi masa yana yaro, da faman da ya yi da shaye-shaye da ciwon damuwa. Irin wannan ciwo ba ya da dalili guda, kuma magani da kulawa ya ke bukata. Duk da haka mutumin ya koma ya goge abin da ya rubuta, ya tarar magana zarar bunu ce, gogewa ba ta mayar da ita.

A daren ya sa faifan nan da ya raina, ya saurare shi tun daga farko har ƙarshe. Sai ya ga ashe waƙar da aka yi wa ihu a Faransa, batun nauyin da zuciya ke ɗauka ta ke yi. Waƙar da faifan ya ci sunanta kuwa ta'aziyya ce, an tsara ta saboda wata abokiyar aikinsu da ciwon daji ya ɗauke. Watau ciwon da mawaƙin ya faɗa da kururuwa yana ɗan shekara 24, shi ne ya sake faɗa a hankali yana da shekara 41. Da ya ɗaga murya an ji shi, da ya sassauta sai aka ce ya yi ƙarya.

A nan ne mutumin ya gane abin da ya fusata shi tun farko. Faifansa na 2000 yana nan, ba wanda ya taɓa shi, ba a rage masa ko amo ɗaya ba. Abin da ya tafi shi ne yaron nan mai shekara 18 da ke sauraronsa a ɗakin zaure. Ya so makaɗan su tsare masa ƙuruciyarsa, su zauna cikin fushin samartaka har abada, alhali shi kansa ya yi aure, ya haihu, ya sauya sana'a, ba wanda ya ce ya ci amana. Ya tuna mahaifinsa da kaset ɗin Shata, ya ga ashe laifi tudu ne, ya taka nasa yana hangen na tsoho.

Wannan rigima ba da Linkin Park aka fara ta ba. A 1965, da Bob Dylan ya hau dandali a bikin Newport riƙe da jita mai lantarki, waɗansu masoyansa sun yi masa ihu, shekara ta zagayo kuma wani ya kira shi maci amana a bainar jama'a a Manchester ta Ingila. A yau waƙoƙin da ya yi a wannan lokaci suna cikin waɗanda a ke ji da su.

Amma fa kada a ɗauka masoyi ba ya da ta cewa. Da kuɗinsa da lokacinsa aka gina sunan makaɗi, kuma ba kowace sauyawa ce ci gaba ba, akwai wadda kwaɗayin kasuwa ke kawowa. Yana da iko ya ce sabon salo bai yi masa ba, ya ƙi saye, ya koma ga tsohuwar zumarsa. Har gobe mutumin nan yana ganin Meteora ya fi One More Light nesa ba kusa ba, kuma ba ya jin kunyar faɗin haka. Inda ya yi kuskure shi ne da ya tsallake daga kushe aiki ya koma yanke hukunci a kan zuciyar mai aikin, wadda bai san abin da ke cikinta ba.

Bayan shekara bakwai, cikin watan Satumba na 2024, ƙungiyar ta dawo da sabuwar mawaƙiya, Emily Armstrong, da sabon mai ganga, Colin Brittain, suka fitar da From Zero cikin Nuwamba. Nan take aka sake rabuwa, waɗansu na murna, waɗansu na cewa ba Chester ba Linkin Park, har waɗansu daga dangin marigayin suka nuna rashin jin daɗinsu. Ita ce matar da aka nuno a Munich, kuma tsohuwar maganar nan ce ta taso wa mutumin a harshe ya haɗiye ta.

Da aka tashi wasa, PSG ta lallasa Inter Milan da ci 5 da nema, suna tafiya gida yaron ya sake tambaya, "To Kawu, wace ta fi, ta da ko ta yanzu?" Ya ce, "Ni ta da na sani, ita ta yi mini rana. Wannan taku ce, ka saurara da kyau kafin ka yanke mata hukunci. In ba ta yi maka ba ka bar ta, amma kada ka zagi mai ita."

Allah Ya ba mu ikon riƙe harsunanmu, Ya kuma yaye wa masu fama da ƙuncin zuciya, amin.