Gashuwa da Wiskonsin: me aka kafa jami'a ta yi?

A nan Amurka, jami'o'in jihohi da dama sun samo asali ne daga dokar Morrill ta 1862, wadda ta ba jihohi filaye su sayar su kafa makarantun noma da ƙere-ƙere. Dokar 1887 ta ƙara musu gonakin gwaji, ta 1914 kuma ta ɗora musu tura malaman gona karkara. Tun farko ke nan an faɗa musu wa za su yi wa aiki. A Jami'ar Wiskonsin, Stephen Babcock ya fito da hanyar auna maiƙon madara a 1890, aka daina cinikinta da ka, mai tsarma ta da ruwa ya rasa kasuwa. Manomin da ya ga amfanin jami'a a aljihunsa ba sai an roƙe shi ya goyi bayan a ba ta kuɗi ba.

Ita kuwa Jami'ar Tarayya ta Gashuwa an kafa ta a 2013, tare da na Gusau da Birnin Kebbi, domin kowace jiha ta samu tata. An yi adalci a rabo, sai dai rabon bai fayyace aikinta ba, kuma jami'ar da ba a yanka wa aiki ba takan koma wurin karɓar takardar neman aikin gwamnati. Alhali ga aiki nan a ƙofarta. Madatsun Tiga da Challawa sun sauya ambaliyar da ke ciyar da fadamar Haɗeja da Nguru, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa suna ji a jikinsu. Ciwon ƙoda ya daɗe yana cin mutanen Bade. Rairayi na binne gonaki a Yusufari.

Za a ce wannan ƙuntata ilimi ne, ɗan Dapchi ma yana da haƙƙin karanta kimiyyar kwamfuta ya shiga duniya. Haka ne, kuma ba wanda ya ce a rufe masa ƙofa. Amma maganin warfarin, da likitoci ke bayarwa ko'ina don hana daskarewar jini, daga binciken Karl Link a Wiskonsin ya fito, kan shanun manoma da ke mutuwa bayan cin ruɓaɓɓiyar ciyawa. Duk wanda ya gano musabbabin ciwon ƙodar Gashuwa, likitocin Sri Lanka da Amurka ta Tsakiya, masu fama da irinsa, za su nemi aikinsa.

Ƙorafin kuɗi ya fi nauyi, domin bincike ba ya yiwuwa da ɗakin gwaji marar wuta. Duk da haka akwai abin da ba ya jiran Abuja: tsarin manhajar da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Ya kamata Gashuwa ta cike nata kason da ruwan Yobe, ƙasar noma da lafiyar Badawa.