Gwiwa Ta Yi Shiru, Takalmi Ya Tona Asiri

Jama'a, ku matso, maganar nan tsakaninmu ce. Mutumin namu da ya gurɗe gwiwa a ƙwallon Lahadi, mai rantsuwar ya warke sarai, ku saci kallon takalminsa a ƙofar masallaci. Na ƙafar da ta ji ciwon ya cinye ta gefen ciki, ɗayan kuwa lafiya lau.

Takalmin ba shi da laifi. A tsakiyar gwiwa akwai jijiyar da ke riƙe ƙashin ƙwauri kada ya zame gaba. In ta tsinke, kumburi kan saɓe cikin 'yan makonni, ciwo ya lafa, mutum ya ce alhamdulillahi. Alhali tsokar cinya ta riga ta rame, ta ɗuwawu ma ta yi sanyi saboda ɗingishi, su ne kuwa ke tsayar da gwiwa saitin yatsun ƙafa. Da sun saki, sai gwiwa ta riƙa faɗawa ciki kamar ta mai gwame, tafin ƙafa ya bi ta ya baje. Can sai idon sawu ya fara ƙorafi, ƙugu ya karɓa.

Na ji ka, Malam, mai ɗori ya duba shi. Ban raina mai ɗori ba, amma ƙashi ya sani. Hoton ƙashi ma ba ya nuna jijiya, sai na MRI.

Van Dijk na Liverpool ya tsinka tasa a Oktoban 2020, a wasansu da Everton, bai koma gasa ba sai Agustan 2021, ga likitoci kewaye da shi. Mu kuwa wata biyu ya yi yawa, mun naɗa bandeji mun koma fili. Duk sanda gwiwa ta kubce, guringuntsi take ci, ƙarshenta amosanin gaɓɓai tun mutum bai tsufa ba.

Ku sa mutumin namu ya tsaya da ƙafa ɗaya gaban madubi, ya rusuna a hankali. In gwiwar ta karkata ciki ta wuce babban yatsa, da sauran aiki. Shimfiɗar cikin takalmi kan rage wa tafin ƙafa wahala, amma ba ta gina cinya. Wannan sai atisaye a hannun masu gashin ƙashi.

Don Allah ɗayanmu ya raka shi Asibitin Ƙashi na Dala, kada kuma a sake sa sunansa a wasa sai likita ya amince.