Daga Kano zuwa Wudil a kan keke mai inji

Ranar Juma'a na zaɓa, ranar kasuwar Wudil, domin in gwada keken a doguwar hanya. Na fito daga Hotoro bayan sallar asuba, hazo bai gama washewa ba. Irin wannan inji ba shi da makulli, ba a kuma buga masa kik. Sai ka matse kuloci, ka tuƙa feda kamar kowane mai keke, idan tayoyi sun ɗauki gudu ka saki, tayar baya ta murza injin. Ya yi tari ya kama, na ɗauke ƙarfi daga ƙafa, na miƙi titin Maiduguri.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk wanda ya gan ni da keken tambayarsa ɗaya ce: lita nawa yake sha? Ni kuwa sha'awa ce ta sa na haɗa shi. Cikin kekunan gwanjo na tsinci gangar jikinsa, irin wanda Amurkawa ke yawo da shi a bakin teku: faffaɗan sirdi, tayoyi masu kauri, da hannu mai lanƙwasa da ke barin mutum ya zauna a miƙe. Wannan fasali ya samo asali ne daga kamfanin Schwinn na Shikago, wanda a 1933 ya fito da keke mai siffar babur alhali babu inji a jikinsa. A 1939 aka fara sayar da injin Whizzer a Los Anjalis domin ɗorawa a kan keke. Saboda haka ramin nan da ke tsakanin sirdi da hannu ya daɗe yana karɓar inji.

Nawa injin ɗan ƙasar Sin ne. A kwali an rubuta cc 80, amma masu harkar sun san ainihinsa wajen 66 ne. Aikinsa irin na ƙaramin janareta ne, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, kuma yayin da yake sabo yana son baƙin man da ɗan yawa, kashi 1 cikin 16. Bututun keken ya fi mazaunin injin kauri, don haka na samo farantin ƙarfe a Ƙofar Ruwa, mai walda ya yanka, ya huda, ya zaunar da shi daram. Tankin na yi masa fenti kore. Sirdin kuma wani baduku a Kurmi ya lulluɓe shi da jar fata, ya zuba masa zane da baƙin zare, har ya ƙara tuntaye a bakin hannu. Wannan sirdin shi ne abin da na fi ƙauna a jikin keken.

A Mariri motocin goro sun riga sun fara sauke huhu. Daga nan hanya ta buɗe, gonaki hagu da dama an girbe, sai kara a tattare. Gefen kwalta na riƙe, domin duk tirelar da ta wuce iskarta kan ture ni. Ban wuce kilomita 30 zuwa 35 a awa ba, sabon inji ba ya son a matsa masa. A wannan gudu kana jin ƙamshin ƙosai kafin ka ga mai suyar, kana amsa sallamar masu tafiya a ƙasa. Abin da ke da wuya shi ne karkarwa. Tana shiga tafin hannu har yatsu su yi tsami, tana kuma kwance duk notin da ba a ɗaure da kyau ba.

A Gano na tsaya inji ya huce. Ƙarƙashin wata darbejiya akwai wani dattijo mai gyaran keke, na gaishe shi na ari sifana. Bai ko kalli fenti ba. Durƙusawa ya yi gaban tayar baya, inda faifan sarƙa mai haƙora 44 yake manne a jikin wayoyin taya da roba da notuna, ya riƙa taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana sauraron ƙararsu.

"Ɗana, duk ƙarfin injin nan a kan waɗannan wayoyin yake sauka?"

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce, "To, ƙafar mutum aka yi su domin ta. Biyu sun saki."

Ya ɗaure su, ya daidaita sarƙar, ya ƙi karɓar ko kwabo. Ya ce tun zamanin da Raleigh ke abin alfahari yake wannan aiki, kuma bai taɓa ganin abin da ke kayar da mai keke kamar sakakkiyar waya ba. Maganarsa gaskiya ce. Idan faifan ya karkace, sarƙa na iya faɗawa cikin taya ta ƙulle ta ana tsakiyar gudu.

Bayan na wuce makarantar horar da 'yan sanda, hanya ta cika da masu kai dabbobi kasuwa. Wani maraƙi ya ɓalle daga garke ya faɗo titi gabana. Irin wannan keke da birkin feda kaɗai yake zuwa, wanda ake taka wa baya, kuma shi kaɗai ba ya tsayar da abin da inji ke ja. Birkin gaba da na ƙara masa shi ya tsayar da ni, tazarar taku kaɗan. Na yi hamdala, makiyayin ya ce, "Sannu Malam, Allah ya kiyaye."

Da hantsi na hau gadar Wudil, masu haƙar yashi suna ƙasa da kwale-kwalensu. Ina sauka kusa da kasuwar kara samari suka kewaye ni, wannan ya shafa tanki, wancan ya tambayi farashi. Ɗaya daga cikinsu, yaron wani bakanike, ya ce ai wannan wasan yara ne. Na ba shi labarin Soichiro Honda, wanda a 1946 a garin Hamamatsu na Japan ya fara da ɗaura wa kekuna ƙananan injunan janaretan rediyon soja da suka rage bayan yaƙi. Babur ɗin Honda da maigidansa ke gyarawa kullum daga nan ya taso. Yaron ya yi shiru, sannan ya nemi in nuna masa yadda aka zaunar da injin. Mun daɗe a durƙushe, tambayoyinsa kuma na mai ido ne.

Na yi sallar Juma'a a garin, na ci soyayyen kifi, na ƙara mai, na juyo gida kafin la'asar ta yi sanyi, domin fitilar keken ba ta isa a shiga dare da ita ba.

Kai da ke da niyyar haɗa naka, fara kashe kuɗinka a kan birki gaba da baya, da wayoyin taya masu kauri, da hular kwano. Ka tambayi hukumar kula da hanya ta jiharka abin da doka ta tanada kafin ka hau babban titi, ka kuma riƙa tafiya da sifana a aljihu.