Kasadar hanya da kasadar tsakar gida

Turawa suna da wani rukuni na littattafan ƙirƙira da suke rubuta wa matasa, ƴan shekara 12 zuwa 18, kuma da yawansu abu guda suke juyawa: yaro ko yarinya mai kunya, mai tsoron abin da bai saba ba, sai wani dalili ya fizgo shi waje ya gwada abin da bai taɓa gwadawa ba. Na karanta ɗaya daga cikinsu a fassarar Faransanci, Paper Towns na marubucin Amurka John Green, wanda ya fito a 2008. Wani saurayi ne mai taka-tsantsan, Quentin, ya bar bikin gama makarantarsa, shi da abokansa suka ɗauki mota daga Fulorida har jihar Niyok suna neman wata maƙwabciyarsa da ta ɓace. Labarin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma ina karantawa ina lura da abu guda: komai nisan da yaron nan ya yi, ɗakinsa yana nan yana jiransa, iyayensa suna da albashi, jami'a ta riga ta ba shi gurbi. In ya faɗi, a kan katifa zai faɗi.

Shi ya sa nake jin wani iri in na ga ana kwaso wannan shawara ana watsa wa matasanmu a Facebook, wai kowa ya fito daga inda ya saba, ya yi kasada. Wane jin daɗi ne saurayin da ke zaune a fada a Damagaram, yana jiran wanda zai sayi sukarin shayi, zai fito daga cikinsa? A ƙasar nan fita ita ce abin da aka saba. A ƙauyukan Tawa, da an gama girbi samari sun ɗaure kaya, wannan Abijan, wancan Legas, wani Libiya. Kakansu ya tafi biɗa, ubansu ya tafi, su ma za su tafi. Wanda ya zauna shi ne ake yi wa kallon baƙon abu.

Adabinmu ma da tafiya ya buɗe ido. Abubakar Imam yana da shekara 22 ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, aka buga shi a 1934. Alhaji Imam ya bar gida saboda an yi wa mai riƙonsa dariya a fada, ya shekara 15 yana yawon duniya, suna ta yi wa juna tsiya da Malam Zurƙe, daga ƙarshe ya komo da ruwan da ya warkar da ɗan sarki. Har yau in na buɗe shi sai na yi dariya ni kaɗai. Sai dai zubin da ya bar mana shi ne zubin da kowane yaro ke ɗauke da shi a ka in ya hau mota a tasha: ka tafi, ka sha wuya, ka dawo da abin da za a taru a kalla.

Ba laifin Imam ba ne, hikaya ya rubuta don nishaɗi. Matsalar ita ce a fada ma haka ake ba da labarin tafiya, don wanda ya dawo da babur shi ke da bakin magana. Lokacin da aka gano zinariya a Jado a 2014, unguwarmu ta kusa ƙarewa da samari, kuma labarin mutum biyu ko uku da suka samu shi ya rinjayi shirun duk sauran. Kafin nan, a watan Oktoba na 2013, an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yara 52 ne a ciki, mata 33. Yawancinsu daga yankin Kance suka fito. Su ma kasada suka yi, kuma babu wanda zai ce ba su fito daga inda suka saba ba.

Ni ba a lakwal na koyi karatun Hausa ba. Can Faransanci muke yi, in ka yi Hausa a aji ma sai a rataya maka alamar horo. A wurin wani mai hayar littattafai na koya, a bakin kasuwar Maraɗi, wanda ke kawo littattafan Kano ya jera su a kan tabarma, dala biyar kwana biyu. Yayata ke aike na, ni kuma in tsaya a zaure in fara haɗa baƙi kafin in kai mata. A cikin waɗannan littattafai masu bangon da ya sha hannu na gamu da Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, kuma har yanzu ban karanta labarin matasa da ya fi shi sanin nauyin kasada ba.

Abu yarinya ce ƴar shekara 13 mai son karatu. Ubanta ya cire ta daga makaranta. Ɗan'uwanta da aka yi mata alkawari da shi ya je birni ya yi boko, ya dawo ya ce shi ba zai auri wadda ba ta yi karatu ba. Kun ga mugun ƙulli: an hana ta ilimi don a yi mata aure, an kuma ƙi ta don ba ta da ilimi. Sai uban ya ɗauke ta ya ba Sarkin Noma, wanda ya yi jika da ita. Ta gudu wurin wata ƴar'uwarsu a birni, ta koma karatu daga tushe, har ta zama ma'aikaciyar jinya.

In aka auna da awon kilomita, tafiyar Abu ba ta kai ko kusa da ta Alhaji Imam ba. Amma shi da ya fita, addu'a ce ta raka shi. Ita da ta fita, ta san abin da za a kira ta a garinsu, ta san uwarta ce za ta sha gori a gidan biki, ta san ƙila ƙofar gidan ubanta ta rufe ke nan. Marubuciyar ba ta sauƙaƙa mata ko ɗaya ba, kuma ba ta yi kamar ƙarfin hali shi kaɗai ya fisshe ta ba: da ba a sami babbar mace mai ɗaki da abin hannu da ta karɓe ta ba, da labarin ya ƙare a wani wuri daban. Balaraba ta san abin da take faɗa, don ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, sai daga baya ta nemi ilimi da kanta, duk da kasancewarta ƙanwar Janar Murtala. A Nijar kuwa, inda alƙaluman UNICEF ke nuna kusan ƴan mata 76 cikin 100 ana aurar da su kafin shekara 18, babu unguwar da ba ta da Abu.

Ba duk littattafan wancan zamani nake yaba wa haka ba. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fi kowane farin jini a gidanmu, yayata ta karanta shi har bangon ya rabu. Sumayya ƴar masu kuɗi ta ƙi wanda aka zaɓa mata saboda Muhammad talaka, da aka matsa mata sai ta faɗa rijiya. Ta rayu, labari ya ci gaba, masoya suka sami abin da suke so. Na fahimci abin da marubucin ke son iyaye su gani. Amma rijiyar gaske ba ta mayar da mutum, kuma ba na son yarinya ƴar shekara 15 ta rufe littafi da tunanin cewa wannan ita ce hanyar da ake sa manya su saurara.

Yau mai hayar littattafai ya tashi, labarai sun koma waya: WhatsApp, Wattpad, da waɗanda ake karantawa da murya a YouTube. Ƴan matan gidanmu suna bi sosai, kuma ina murna, ko ba komai suna karanta Hausa. Sai dai in na leƙa, sau da yawa yarinyar labarin ba ta yin komai. Tana tallar goro ko tana wanke-wanke a gidan kishiyar uwa, sai wani mai jibgegiyar mota ya taka birki. Duk kasadar da ta yi ita ce ta kasance kyakkyawa a bakin titi. Akwai masu rubutu da gaske, gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 ta fito da mata da dama masu taɓa abin da ke ciwo, kuma a Yamai maɗaba'ar Gashingo tana buga littattafai cikin harsunan ƙasa. Amma har yanzu ina neman labarin matashin Nijar da zan ce wannan namu ne.

Ina son in karanta labarin yarinyar da ta faɗi jarrabawar BEPC sau biyu, ta koma aji tana da shekara 19, ta zauna benci guda da sa'o'in ƙannenta suna kiran ta inna. Ko na saurayin da ya ci bak, bai sami aiki ba, ya je ya durƙusa gaban mai walda ya ce a koya masa, alhali abokansa na wucewa ta ƙofar shagon kullum. Waɗannan ba su da hamada ko aljanu a ciki, amma duk wanda ya girma a garuruwanmu ya san abin da kunyar idon mutane ke iya hana mutum.

Akwai wani yaro a layinmu da ya yi shekara biyu a Libiya ya dawo ba ko jaka. Da dare ya shigo gari, ya yi kusan wata guda bai leƙo ƙofar gida ba, uwarsa tana ce wa masu tambaya yana nan tafe. Mu duka mun san yana ciki, don muna jin tarinsa ta katanga. Ran nan da hantsi, lokacin da layi ya fi cika, sai ga shi ya fito da tsohuwar rigarsa, ya bi fada ɗaya bayan ɗaya yana gaisawa. Wani ya tambaye shi ina tsaraba. Ya ce bai samo komai ba, kuma wanda ke shirin tafiya ya zo ya same shi ya faɗa masa yadda gidan da ake tsare mutane yake. Yara biyu sun je sun same shi da yamma. Ɗaya ya fasa, ɗayan ya tafi bayan salla.