Alama Ɗaya, Ma'ana Biyu a Jadawalin Shafukan Linux

A manyan kwamfutoci masu firosesa fiye da ɗaya, kowace firosesa tana da nata kason ma'adana a kusa da ita. Tana iya karanta na maƙwabciyarta, sai dai hanyar ta fi nisa, jinkirin kuma yakan taru idan aka maimaita shi sau miliyoyi. Wannan fasali shi ake kira NUMA. Aikin kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, shi ne ta gano wace firosesa ce ke amfani da wane yanki, domin ta matso da bayanai kusa da mai buƙatarsu.

Kanel takan raba ma'adana zuwa shafuka, galibi bayit 4096 kowanne a injinan x86, ta kuma ajiye jadawalin inda kowane shafi yake. Kowane layi na jadawalin yana ɗauke da 'yan alamomi: wata na nuna shafin yana nan, wata an taɓa shi, wata an yi rubutu a kansa. Amma alamar taɓawa ba ta faɗin wanda ya taɓa. Saboda haka a Linux 3.8 na shekarar 2013 aka shigar da dabarar da Mel Gorman ya jagoranci tsarawa: lokaci-lokaci kanel takan rufe wasu shafuka da gangan. Duk aikin da ya nemi ɗayansu sai ya yi tuntuɓe, kanel ta ga inda ya fito, ta buɗe masa, in ya dace ta mayar da shafin kusa da shi.

Da farko an ba wannan rufewa sunanta na daban. A Linux 4.0 na 2015 aka soke sunan, aka koma ga alamar da tun asali ke nufin haramcin shiga na gaske. Yanzu alama ɗaya ce ke ɗauke da ma'ana biyu, kuma kuskuren fahimtarta yana da tsada: ko a kashe aikin da bai yi laifi ba, ko a buɗe abin da aka hana. Kanel tana warware shubuhar ne ta duba izinin da aka ba ɗaukacin yankin da shafin yake ciki.

Masanin Hausa ya san irin wannan tsimi. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka "gari" na zama da "gari" na tuwo kamarsu ɗaya a takarda. Jimla ce ke raba su. A duka biyun an rage alamomi, an ɗora nauyin a kan mai karatu. Bambancin shi ne kanel ba ta rasa mahallin da za ta duba, alhali kalmar da aka tsinto ita kaɗai, a ƙamus ko a manhajar fassara, ba ta da jimlar da za ta fayyace ta.