Ruwanda a Idon Ɗan Manoman Ɗambatta

Mu mutanen arewacin Kano muna taƙama da cewa ba mu bar wa daji ko taku ɗaya ba. Daga Dawanau har Ɗambatta, ko ka bi ta Bichi zuwa Tsanyawa, gona ce ke bin gona, sai gawo da ɗorawa a tsakani, ga jakuna da mangalar taki tun kafin ruwa ya sauka. Da wannan taƙamar na isa Kigali, amma motar da muka shiga daga tashar Nyabugogo zuwa Musanze ba ta yi nisa ba na kama bakina. Mutanen nan tsaunuka suke nomewa. Sun yanka jikin tudu hawa-hawa, kowane hawa da shukarsa, wake da dankali da ayaba da masara, har can ƙololuwa inda hazo ke sauka. Faɗin ƙasar duka murabba'in kilomita 26,338 ne, kaɗan ta ɗara Jihar Kano, kuma ƙidayar 2022 ta samu mutum miliyan 13.2 a cikinta. Damina biyu gare su a shekara.

Abin da idon manomi zai fara lura da shi shi ne babu leda a gonakinsu, domin tun 2008 aka haramta ta. Wanda ya taɓa baza takin bola daga birni, ya wuni yana tsince leda, ko akuyarsa ta mutu aka farka ciki aka tarar da ita cunkus, shi zai gane darajar wannan doka. Asabar ɗin ƙarshen wata kuma aikin gayya ne na ƙasa baki ɗaya, Umuganda. Mu ma a Kano muna da tsaftar ƙarshen wata, sai dai yawancinmu barci muke ƙarawa har a buɗe hanya. Su kuwa kwata suke yasa, su gyara hanya, su gina wa gajiyayye ɗaki.

Amma inda suka yi mana nisa sosai shi ne wajen rashin lafiya. A kowane ƙauye akwai mutanen da jama'a suka zaɓa, aka koya musu gwajin zazzaɓin cizon sauro da ba da maganinsa da bibiyar masu juna biyu. Ga inshorar lafiya ta talakawa, wadda shekaru da dama kuɗinta ga yawancin mutane faran 3,000 ne a shekara kan kowane kai, marasa hali kuma gwamnati ke biya musu. A Muhanga na tsaya baki buɗe ina kallon ƙananan jirage marasa matuƙi na kamfanin Zipline suna tashi. Tun 2016 suke kai jini asibitocin karkara, jirgi ya saki ƙunshin da 'yar lema ya juya gida. Sai na tuna yadda muke yi idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare: a tashi mai mota, a yi cinikin mai, a tara 'yan uwa a gwada jinin wanda ya dace, wani lokaci a sayar da tunkiya kafin gari ya waye. Ƙidayarsu ta 2022 ta nuna tsawon rai ya kai shekara 69, mu kuwa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya bai kai mu 60 ba.

To, kada mai karatu ya ɗauka aljanna na gano. Manominsu bai fi namu kuɗi ba. Gonar magidanci da ƙyar take kai rabin hekta, tukunyarsa kullum wake da ayaba ko dankali, nama sai da dalili. Ban ga kasuwar da za ta tsaya kusa da Dawanau ba, inda tireloli ke lodin riɗi da wake da gero zuwa ƙasashe, kuma yaronmu da ya gama girbi yana da Kano da Legas da Fatakwal na cin rani. Hukuma a can tana shiga har cikin gona. Tun 2007 ake haɗe filaye a tsara abin da za a shuka a yanki, kuma wajen 2011 aka kawar da rufin ciyawa, ko ka so ko ka ƙi. Gwada faɗa wa dattijon Makoɗa cewa bana ba zai haɗa gero da wake a kunya ɗaya ba, ka ji amsa.

Sannan akwai shiru. Ƙasar da aka kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100 a 1994 tana da dalilinta na taka-tsantsan, amma da zarar hira ta gangaro kan siyasa sai murya ta yi ƙasa. A zaɓen 2024 shugaban ƙasar, Paul Kagame, ya samu fiye da kashi 99 cikin 100. Nan kuwa kowane dare sojojin baka suna rediyo suna yi wa gwamna tatas, mu kuma muna shan shayi muna dariya.

Ni dai a noma da kasuwa da sakin baki, ban ga abin da zai raba ni da Ɗambatta ba. Amma mai ciki da jariri sun fi samun gata a ƙauyen Ruwanda, kuma mafi yawan abin da ya kawo haka ba jirgi ba ne, ma'aikacin lafiya ne a kowace unguwa da magani a jakarsa. Wannan bai fi ƙarfin shugabannin ƙananan hukumominmu ba, su dubi Allah su fara.