Bayan An Naɗe Tabarmin Makoki

Ranar da maigida ya rasu a ƙauye, gidansa ba ya rasa jama'a. Masu bi sukan zo da addu'a da waƙoƙi, maƙwabta Musulmi su zo gaisuwa, mata su kawo hatsi da itace. Bayan 'yan kwanaki kowa ya koma harkarsa. Daga nan ne gwauruwa take fara sanin abin da ya same ta.

A ƙasar Maraɗi, cikin Jamhuriyar Nijar, babbar damuwarta ita ce gona. Bisa ga al'ada gandu yana hannun maigida, shi ne kuma yake yanka wa matarsa ɗan wuri da ake kira gamana, inda take noma gero ko wake ko gujiya don kanta. Yawanci aro ne. Idan mijin ya rasu, dangi suka zauna rabon gado, sau da yawa gamanar takan tafi, musamman yanzu da mutane suka yi yawa, gonaki suka ƙanƙance. Wahalar takan tsananta daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi kuwa bai nuna ba. A wannan lokaci ne ake cire maraya daga makaranta, a tura shi aikatau, ko a aurar da yarinya tun ba ta isa ba.

Mishan ɗin SIM ya shiga Nijar ta Damagaram a 1924, ya buɗe asibitin Galmi a 1950, ya kuma ga yunwa iri iri. A yunwar 1984, wadda mutanen Maraɗi suke kira El Buhari saboda a shekarar ne gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Nijeriya, mishan ya raba hatsi a ƙauyuka masu yawa. Wani ma'aikacinsa ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya haɗa rabon da aiki: manomi ya bar kututturan da ke tohowa a gonarsa, ya gyara rassansu su zama itatuwa. Ana kiran wannan sassabin zamani. Da rabo ya ƙare, waɗansu suka sare nasu, waɗansu suka bari. An cinye hatsin tun a lokacin, amma inda aka bar itatuwa, mace tana samun itacen girki kusa da gida, da ganye don miya da awaki. Taimakon da ya kama saiwa a gonar mutum shi ne ya daɗe.

Littafi Mai Tsarki ya riga ya nuna wannan hanya. A Maimaitawar Shari'a sura 24, an umarci mai gona ya bar kala domin baƙo da maraya da gwauruwa. Wannan hakkinsu ne. Da shi Rut ta ciyar da kanta da surukarta Na'omi a gonar Bo'aza, ba tare da ta yi bara ba. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana mantawa da waɗansu gwauraye wajen rabon abinci na kullum, sai ikkilisiyar Urushalima ta zaɓi mutum bakwai ta ɗora musu aikin. Wato an san sunan wanda za a tambaya idan gwauruwa ta kwana da yunwa. Manzo Bulus kuma, a 1 Timoti sura 5, ya fara ɗora nauyin a kan dangi, sa'an nan ikkilisiya ta ɗauki wadda ba ta da kowa.

Ƙaramar ikkilisiyar ƙauye, wadda baikonta bai kai albashin fasto ba, tana iya yin abubuwa da dama. Dattawa su halarci zaman rabon gado, su yi magana cikin ladabi domin a bar wa matar inda za ta noma. Matasa su yi mata gayya a noman fari. Zumuntar Mata ta ari dabarar Fulani ta habbanaye: a ba ta akuya ta riƙe har ta haihu, ta mallaki 'ya'yan, uwar ta wuce hannun wata. A sa ta cikin asusun mata, irin na Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a Maraɗi a 1991, inda ake zuba kuɗi kaɗan kowane mako, a ranta wa mai son jari. Da kaka kowane gida ya kawo tiya ɗaya, a ajiye a rumbun ikkilisiya har damina.

Gidan marayu yana da amfaninsa ga yaron da ba shi da kowa. Amma binciken zamanin nan ya nuna cewa yawancin yaran da ke irin waɗannan gidaje a duniya suna da uwa ko uba da rai. Talauci ne ya kai su can. Yaron da ya rasa uba bai kamata a raba shi da uwarsa kuma ba. Idan aka tallafa wa uwar, aka biya kuɗin makaranta da na magani, maraya zai girma a ɗakin da ya sani.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 23 ga Yuni a matsayin ranar gwauraye, aka fara kiyaye ta a 2011. A Nijar ranar tana faɗuwa daidai lokacin da rumbuna suke wofi. Wannan ne lokacin da ya kamata dattawa da shugabar Zumuntar Mata su bi gida gida, su tambaya ko an yi shuka, ko akwai na ɗorawa a murhu. Ubangiji, wanda yake kula da marayu, ya ba ikkilisiyarsa ƙafar zuwa.